Kurungu a Akwatin Gilashi: Wane Ne Uban Kifin Nan?

  Yau bakin ruwa muka nufa, sai dai ruwan namu na yau har da wanda ake zubawa a akwatin gilashi, a girke a falo ko ofis ko zauren otal, a saki kifaye a ciki don kallo kawai. Za mu duba kifayen nan masu gashin baki, dangin kurungu da tarwaɗa, mu ga yadda ake bambanta wannan da wancan, da kuma yadda barbarar yanyawa ta cika kasuwarsu, har ta kai mai saye bai san abin da ya kai gida ba, sau da yawa ma mai kantin da ya sayar masa bai sani ba.

Na san wani zai ce, mu da muke neman kifin miya, ina ruwanmu da kifin kallo? To, a yi haƙuri a saurara. Wasu daga cikin kifayen da ake ta ce-ce-ku-ce a kansu, daga kogunanmu aka ɗebo kakanninsu. Allurar da ake haɗa irin da ita kuma, irinta ce masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suke amfani da ita a Kano da Kaduna da Ibadan.

Bari mu soma da kurungu. Duk wanda ya tashi a Yawuri ko Argungu ko Baga ko Haɗeja, ko bakin kogi a Gaya da Yamai, ba sai an gabatar masa da shi ba. Kifi ne marar ɓawo, mai taurin kai, mai ƙayoyi uku, ɗaya a baya, biyu a ƙirji. In ya ji hannu sai ya kafe su, ya sarƙe koma, masunci ya yi ta fama kafin ya zare shi. Ga shi da ƙara in an fito da shi daga ruwa, ƙarar da yake yi ta hanyar goga tushen ƙayar ƙirjinsa a cikin gurbinta. Masana suna kiran danginsa Synodontis, sun kuma lissafa jinsi sama da 130, dukkansu a Afirka, daga Kogin Nilu zuwa Senegal, daga Tafkin Chadi zuwa Zambezi. Akwai wani a cikinsu da ake samu a Nilu da Kogin Neja da Tafkin Chadi, wanda yake iyo a rigingine, ciki sama baya ƙasa, yana kiwo a fuskar ruwa, har cikinsa ya fi bayansa duhu, saɓanin sauran kifaye. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun zana shi a bangon kaburburansu, sun kuma ƙera siffarsa da zinariya don ado.

Wannan kurungu da muke kyafewa mu sa a miya, a Turai da Amurka da Japan abin kallo ne da ake biyan kuɗi a saya. An daɗe ana fitar da kifin ado daga Najeriya ta filin jirgin saman Legas. Ana kamo su ƙanana daga koguna da fadamu, a zuba a leda da ɗan ruwa da iskar oksijin, a jera a akwatunan soso, jirgi ya kwashe. Cikinsu akwai gartsa, akwai kifin nan mai dogon baki da ake wa laƙabi da mai haurin giwa ko mai hancin giwa, akwai kurungu iri-iri. Wanda ya fi shahara shi ne Synodontis eupterus, mai dogon fiffiken baya da ke bajewa in ya girma. Kifin kogunanmu ne, ana samunsa a Neja da Chadi da Volta.

Amma masu tsadar suna can gabas da kudu da mu, a Kogin Kwango da Tafkin Tanganyika, tafkin nan mai zurfin kusan mita 1,470 da Tanzaniya da Kwango da Burundi da Zambiya suka kewaye. Kurungun Tanganyika yana da kyan gani: jiki mai haske da baƙaƙen ɗigo, fukafukai masu baƙin tushe da farin baki. Wani daga cikinsu, granulosus, baƙi ne mai farin gefen fiffike, ba a cika samunsa ba, saboda haka kuɗinsa ya yi nisa da na sauran. Wani kuma, multipunctatus, halinsa ne ya sa duniya ta san shi. A tafkin akwai dangin karfasa masu renon ƙwai a baki, kamar yadda karfasarmu ta Nilu take yi. Shi wannan kurungu sai ya jira lokacin da suke zuba ƙwai, ya kutsa ya zuba nasa, uwar ta kwashe duka a baki ba ta sani ba. Ƙwan kurungun ya riga ƙyanƙyashewa, 'ya'yansa su cinye na mai masauki tun suna cikin bakin uwarsu. Wani masani ɗan Japan, Tetsu Sato, shi ya bayyana wannan a 1986.

To, ga kifi mai kyau, ga masu so da yawa, ga shi da wuyar samu. Yawancin kurungu ba ya haihuwa da kansa a akwatin gilashi, domin a daji ruwan damina da cikar kogi ne ke motsa shi. Nan ne allura ta shigo. Masu kiwon tarwaɗa a cikinku sun san aikin sarai. Ana yi wa macen allurar sinadari, irin su Ovaprim, a jira wasu sa'o'i ƙwai ya nuna, a matse cikinta a kwano, a zuba maniyyin namiji, a gauraya, a ƙara ruwa. Daga ranar da aikin ya koma cikin kwano, zaɓin miji ya fita daga hannun kifin. A kogi, kowane jinsi yana da lokacinsa da wurinsa da alamun da yake gane ɗan'uwansa da su. A kwano kuwa, abin da mai ƙyanƙyasa ya zuba shi ne uba.

Tun wajen farkon shekarun 2000 masu kiwon kifin ado suka fara ganin wani irin kurungu a kantuna wanda babu shi a littafin kowane masani. Ɗigon jikinsa na Tanganyika, ƙirar kansa ta kurungun kogi, fiffiken bayansa na wani dabam. Masu bin diddigin kasuwar sun daɗe suna danganta shi da gidajen ƙyanƙyasa na Gabashin Turai, musamman Jamhuriyar Czech, da kuma wasu na Asiya. Lissafin mai yin haka ba ɓoyayye ba ne. Jinsi mai tsada yana da wuyar samu da wuyar reno. Jinsi mai araha yana da ƙwai da yawa da juriya. In ka haɗa su, ka sami dubban 'ya'ya masu ɗan kama da mai tsadar, masu wuyar mutuwa a hanya. Sai a liƙa musu suna. Wani lokaci sunan jinsi na gaskiya ake ara, a ce wannan granulosus ne, ko decorus ne, ko ocellifer ne. Wani lokaci kuma a ƙirƙiro sunan da ke da amon Latin, irin su valentiana, wanda babu wani masani da ya taɓa raɗa wa kifi shi, babu kuma kogin da aka taɓa kamo shi.

Yanzu sai mu zo ga tambayar da ta fi damun mai saye: ta yaya ake ganewa? Abu na farko, kada launi ya ruɗe ka, domin launi ne ya fi komai sauyawa. Ɗan eupterus yana ƙarami zane-zane ne masu lanƙwasa a jikinsa, in ya girma su wargaje su koma ƙananan ɗigo, har ka rantse kifi biyu ne. Tsoro da hasken fitila da launin yashin da ke ƙasan akwatin, duk suna sa kifi ya yi duhu ko ya koɗe. Masana ƙashi da haƙori suke dubawa. A bayan kan kurungu, sama da fiffiken ƙirji, akwai wani ƙashi da ya miƙe ya nufi wutsiya. A wani jinsin siriri ne mai tsini, a wani mai faɗi ne mai dakusasshen baki, a wani ma har 'yan ƙayoyi gare shi. Wannan ƙashin yana cikin manyan shaidu.

Sai gashin baki. Kurungu yana da guda shida, biyu a leɓen sama, huɗu a ƙasa. Na ƙasan suna da rassa. Na saman a yawancin jinsuna santala-santala ne, wasu da 'yar fata a tushensu, wasu babu, kaɗan ne kawai nasu na sama ma yake da rassa. Sai haƙoran muƙamuƙin ƙasa, waɗanda ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya: wani jinsin ba su kai goma ba, wani sun haura hamsin. Sai girman ido, da tsawon fiffiken naman nan marar ƙashi da ke tsakanin fiffiken baya da wutsiya, da zarton da ke jikin ƙayoyi. Jinsi na asali, duk waɗannan alamu suna tafiya tare, kowane ɗa ya ɗauko su yadda suke. Ɗan ruwa biyu kuwa alamunsa sukan saɓa wa juna. In ka tarar da ƙananan kurungu talatin a akwati ɗaya da suna ɗaya, amma wannan manyan ɗigo, wancan layi-layi, wani ɗigonsa ya narke cikin juna, wasu da ƙusumbi ko karkataccen baki, to ka yi hattara. In kuma aka ce maka ga mai tsadar nan a farashin mai araha, kuma ga su da yawa, girmansu ɗaya, to farashin ma ya ba ka amsa.

Kada dai a ɗauka aikin mai sauƙi ne, domin su kansu masanan suna gyara wa junansu. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Jeremy Wright da Lawrence Page, sun sake nazarin kurungun Tafkin Tanganyika, suka ce akwai sababbin jinsuna uku da a da ake haɗa su da wasu. Masu kiwo suka bi, aka sauya sunaye a kantuna, aka yi shekaru ana ƙirga ƙasusuwan fiffike ana leƙa ƙarƙashin ƙirjin kifi don neman wata 'yar ƙofa da aka ce ita ce ke bambanta biyu daga cikin kurungun tafkin. A 2024 wata tawagar masana ta sake dubawa da sababbin samfura da gwajin ƙwayoyin gado, ta ce waɗannan ukun ba jinsuna ne masu zaman kansu ba, adadin kurungun yankin tafkin ya sauko daga 13 zuwa 10. Haka ilimi yake tafiya, ana gini ana gyara. Amma ku duba, idan masu madubin ƙara girma da kifin da aka kamo daga tafkin kai tsaye suna shan wannan wahala, yaya mai kanti zai yi da kifin da aka riga aka cakuɗa a kwano?

Wani zai ce ai yanzu akwai gwajin ƙwayoyin gado. Akwai. A 2003 wani masani a Jami'ar Guelph ta Kanada, Paul Hebert, ya gabatar da hanyar gane jinsin dabba ta karanta wani ɗan gajeren yanki na ƙwayoyin gadonta, kuma hanyar ta yi amfani ƙwarai wajen kama masu sayar da naman wani kifi da sunan wani. Sai dai yankin da ake karantawa daga uwa kaɗai ake gadonsa. In aka gwada ɗan ruwa biyu da wannan hanya, sunan uwarsa zai fito tsaf, uban ya ɓace. Sai an ƙara da wani gwajin da ke duba gadon ɓangarorin biyu, wanda ya fi tsada, kuma ba wanda zai biya kuɗinsa saboda kifin da bai kai tsawon yatsa ba.

 Bari mu tsallaka teku mu leƙa Kudancin Amurka, domin can ma akwai darasi.

A kogunan Amazon akwai wasu dangin waɗannan kifaye masu sulke a jiki da bakin tsotso, waɗanda ke manne wa gilashi suna kankare gansakuka. Yawansu ya sa 'yan kasuwa suna kawo sababbi kafin masana su samu sukunin raɗa musu suna. A 1988 wata mujallar masu kiwon kifi ta Jamus mai suna DATZ ta fito da dabara: duk sabon da ya shigo a ɗauki hotonsa, a faɗi kogin da ya fito, a ba shi lamba mai farawa da harafin L. Yau lambobin sun kai ɗaruruwa. Wanda ya fi suna shi ne L46, ɗan ƙaramin kifi mai layin fari da baƙi, wanda aka raɗa wa suna Hypancistrus zebra a 1991. A duk duniya, a wani yanki na Kogin Xingu a Brazil kaɗai yake. Brazil ta hana fitar da shi a 2004. Daga baya aka gina madatsar ruwa ta Belo Monte, wadda ta karkatar da ruwa daga wurin da yake zaune. A taron Panama na 2022, yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta ƙara tsaurara dokar cinikinsa. Ke nan waɗanda ake haifa a akwatunan masu kiwo sun zama ajiya mai daraja. Matsalar ita ce 'yan danginsa suna iya barbarar juna ko da babu allura, muddin aka zuba su a akwati ɗaya. Ajiyar da ta cakuɗe kuwa ba ta da amfani ranar da aka zo nemanta.

Akwai kuma manyan. Wani ƙaton kifi mai jar wutsiya na Amazon, wanda ke wuce mita ɗaya, ana haɗa shi da wani mai faffaɗan baki da zanen damisa. Asali don nama aka fara irin wannan haɗi a gonakin kifi, amma 'ya'yan suna ƙarewa a kantunan kifin ado, ana sayar da su suna 'yan mitsi-mitsi. Mai saye ya kai gida, bayan 'yan watanni kifin ya cinye abokan zamansa, ya cika akwatin, ba wurin juyawa. Daga nan sai tausayi marar kan gado ya sa a ɗauke shi a kai kogi a saki.

A nan nake so mu fahimci juna. Haɗa iri shi kansa ba laifi ba ne. Kakanninmu sun san alfadari, ɗan jaki ne da goɗiya, yana da ƙarfi da juriya, fatake sun ci moriyarsa. Amma ba a taɓa shiga da alfadari kasuwa a ce ingarma ne ba. Mai saye ya san abin da ya saya, ya biya kuɗin alfadari, bai kuma sa ran zai haifa masa doki ba. A Amurka kaso mai yawa na kifin da ake nomawa dangin tarwaɗa haɗin jinsi biyu ne, kowa ya sani, a rubuce yake. Masu kare kurungun haɗi ma suna da hujjarsu: yana da araha, yana da juriya, duk wanda aka haifa a gidan ƙyanƙyasa kuma ya rage ɗaya da za a kamo daga tafki. Ban ƙi ba. Abin da na ƙi shi ne ɓoye asali. Sunan da aka rubuta a jikin akwati amana ce, kuma cin wannan amana yana da waɗanda yake cutarwa.

Mai saye shi ne na farko. Da suna ake sanin girman da kifi zai kai, da abincinsa, da irin ruwan da yake so, da ko zai zauna lafiya da wasu. Ɗan kurungun Kwango mai iyo a rigingine ba ya wuce santimita 10, amma sau da yawa ana sayar da ɗan wani jinsin da sunansa, wanda zai ninka wannan tsawo. Wannan tsakanin jinsuna na asali ke nan. Ɗan ruwa biyu kuwa, babu littafin da zai gaya maka inda zai tsaya. Na biyu shi ne ilimi. Hoton kifin haɗi yana shiga littafi da sunan jinsi na gaskiya, na baya su kwafa, har a wayi gari na jabun ne aka fi sani, in na asalin ya zo a ce shi ne baƙo. Na uku shi ne masuncin da ke bakin tafki da ɗan kasuwar da ke fitar da kifin. Albarkar ruwansu ce ake sayarwa da sunanta, alhali ko kwabo bai iso gare su ba, darajar na asalin kuma tana faɗuwa.

Na huɗu, wanda ya fi girma, shi ne kogi. Kifin gona da na akwati ba sa dawwama inda aka ajiye su. A Filifin, kifin nan mai bakin tsotso ya cika Kogin Marikina da tafkin Laguna de Bay. A Meziko ya mamaye madatsar Infiernillo, ya cika komar masuntan da ke neman karfasa. A wurare da dama da ya bazu, masana sun tarar zanen cikinsa yana tsakanin na jinsi biyu, abin da ya sa suke zargin tun daga kasuwa aka cakuɗa shi. A Brazil an kamo 'ya'yan haɗin manyan kifayen gona a cikin kogunan yankin Paraná, kuma an tabbatar suna iya haihuwa. A Tailan kuwa tarwaɗarmu ta Afirka ce aka kai a ƙarshen shekarun 1980, aka haɗa ta da tasu ta gida, haɗin ya mamaye gonakin ƙasar. Binciken da aka wallafa a 2004 ya gano gadon tarwaɗar Afirka a jikin tarwaɗar dajinsu. Abin da ya shiga jinin kifin kogi, babu komar da za ta tace shi.

Wannan ya dawo da mu gida. Masu kiwon kifi a Najeriya sun san haɗin tarwaɗa da ramboshi, wanda ake kira Heteroclarias. Tun shekarun 1980 aka fara gwada shi a Afirka, aka kuma karɓe shi saboda saurin girma da juriya. Gane shi bai kai na kurungu wuya ba. Tarwaɗa fiffiken bayanta dogo ne, ya taso daga bayan kai har kusa da wutsiya. Ramboshi nasa ya tsaya a tsakiya, sai babban fiffiken nama ya ɗora. Ɗan haɗin yana tsakani: fiffiken baya mai ɗan tsawo, da guntun fiffiken nama a ƙarshe. Amma wannan a zuriyar farko ne. An sha cewa ba ya haihuwa, alhali bincike ya nuna haihuwar tasa rauni gare ta, ba wai babu ita sam ba. In mai ƙyanƙyasa ya ɗauki ƙaton kifi daga kududdufi ya mayar da shi uwa ko uba don girmansa kawai, bai san asalinsa ba, to zuriyar da za ta biyo baya sai abin da Allah ya yi. Manomi ya sayi 'ya'yan kifi dubu, ya yi wata biyar yana zuba abinci mai tsada, wasu su girma wasu su tsumbure, manyan su cinye ƙananan, ya rasa wanda zai kama. Sannan mu tuna ambaliyar 2012 da ta 2022, yadda ruwa ya shafe gonakin kifi a gaɓar Neja da Binuwai. Kifayen da ke cikin waɗannan kududdufai ba su mutu duka ba, kogi suka shiga.

To, mene ne abin yi? Ga mai ƙyanƙyasa, na kifin ado ne ko na miya, ya riƙa rubuta uwa da uba na kowace ƙyanƙyasa, ya ware iyayen asali a wurinsu dabam, in ya sayar da haɗi ya ce haɗi ne. Mai son sa zai saya da saninsa. Ga mai kanti, in bai san kifi ba ya ce bai sani ba, wannan ya fi ya ari sunan da ba nasa ba. Ga mai saye, ya tambayi sunan kifin da inda ya fito da girman da zai kai, ya nemi ganin iyayen in 'ya'yan tarwaɗa ne, kuma komai ƙosawar da ya yi da kifin ado, kada ya kai shi kogi ko dam ko rafi. Ya mayar wa mai kanti, ko ya ba wani mai kiwon.

Ga hukumomi kuma, muna da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa a New Bussa, kusa da Tafkin Kainji, muna da sassan nazarin kifi a jami'o'inmu, muna da hukumar da ke tantance dabbobi da tsirran da ke shiga da fita ƙasa. Ana bukatar su adana tsarkakakken irin tarwaɗa da ramboshi da kurungun kogunanmu, kowane da shaidar ruwan da ya fito, su kuma samar da tsarin rajistar gidajen ƙyanƙyasa, yadda manomi zai san wanda zai tuhuma in an cuce shi. A wannan aiki kada a bar sarakunan ruwa da tsofaffin masunta a baya. Mutumin da ya shekara arba'in yana zare kurungu daga koma ya san bambancin da ɗalibi zai yi wata yana nema a littafi, kuma shi ne zai fara lura in baƙon kifi ya bayyana a ruwansa. A zauna da su, a ɗauki hoton kowane kifi, a rubuta sunan da suke kiransa da shi kusa da na masana, tun masu wannan sani suna raye, tun kuma kifin da ke kogin bai gama cakuɗewa ba.